Yadda Na Yanko wa Rubutu Lokaci Tsakanin Asibiti da Gida

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Jos, matar aure, uwar yara 3, kuma surukata Hajiya tana zaune tare da mu a wata unguwa da ke bayan titin Bauchi. Tun ina sakandare nake rubuta labarai a bayan littafin darasi, ƙawaye suna zagayawa da shi a ɗakin kwana har bangonsa ya yage. Da na gama makarantar koyon jinya na kama aiki, aure ya zo, haihuwa ta biyo baya, sai rubutu ya tsaya cak. Ba wanda ya hana ni. Labaran ma ba su daina zuwa ba, zaman rubuta su ne ya gagara.

Aikinmu ba irin na ofis ba ne da za a ce ana shiga 8 a tashi 4. Rosta ce ke juya mu. Wani makon kina aikin safe, wani makon na yamma, sannan a jefa ki na dare. Ƙarshen wata metiron, wato shugabar ma'aikatan jinya, take liƙa ta a bango, kowa ta zo ta duba inda rayuwarta ta dosa. Ga shi 'yan shekarun nan abokan aiki sai tafiya suke yi Ingila da Saudiyya, hannu ya yi kaɗan, sau da yawa kina shirin tashi za a ce wadda za ta karɓe ki ba ta samu zuwa ba. Duk shawarar da na taɓa ji a kan rubutu kuwa ta wanda ranakunsa suke kama da juna ce: tashi ƙarfe kaza kullum, rubuta shafi kaza. Ni Litinin ɗin wannan makon ba ta san ta makon gobe ba.

Da farko hutun shekara na jingina wa komai. Abin da ban lissafa da shi ba, duk dangi sun san ranar da zan fara hutu, kuma kowa ya ajiye mini buƙatarsa. Bikin ƙanin maigida a Bauchi, kai Hajiya ganin likitan ido, zuwa gaida iyayena, fentin ɗakin yara. Da ƙyar wasu ranaku suka rage mini a ƙarshe, na zauna da sabon littafi da biro, hannun ya ƙi tafiya. Wanda ya yi shekaru bai rubuta ba, ko an ba shi wuni cur, rabinsa a kallon takarda zai ƙare. Na koma gwada dare, bayan isha'i in yara sun kwanta. Har yanzu ina da wani shafi da biro ya ja layi tun daga tsakiya har ƙasa, inda barci ya kwashe ni a tsakiyar jimla.

Sai na bi hanyar da yawancin marubuta mata suke bi a yanzu, wato sakin labari kashi-kashi a WhatsApp da Wattpad. Wannan kam ta sa ni rubutu, ba zan ɓoye ba. In kika san mutane suna jira, ko kina gyangyaɗi sai kin danna wani abu kin tura. Amma masu karatu ba su san rosta ba. Ina tsaye a ɗakin marasa lafiya waya tana ta zuga a aljihu, in na duba bayan an tashi sai in tarar da saƙonni jere: "Anti yau ba ci gaba?" "Allah ya ƙara basira, amma shafin jiya ya yi kaɗan gaskiya." Sannan labarin da kansa ya fara karkacewa. Duk ranar da kishiyoyi suka yi faɗa sai sharhi ya cika zaure, ranar da na tsaya gina wani abu mai zurfi sai shiru. Kafin in ankara ina ta ƙara faɗa a inda labarin bai nema ba. Abin da ya fi ci mini rai, in na kai babi na 20 na gane ginin da na yi a babi na 3 bai zauna ba, babu halin komawa, ya riga ya shiga wayoyin jama'a. Ban raina masu yi ba, akwai matan da da wannan sana'ar suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu, kuma wasunsu suna da baiwar da ta fi tawa nesa. Ni dai na ga aikin jinya ba ya karɓar rabin hankali. Na kai labarin ƙarshe a gurguje, na yi wa zauren sallama.

Abin da ya canza lamarin ba wani babban abu ba ne. Wata rana na kwafo rostar watan a takarda, na zauna da jan biro ina neman inda zan cusa rubutu, sai na lura ashe abin da nake kira rubutu ba aiki ɗaya ba ne. Saƙa labarin a ka daban, zuba shi a takarda daban, gyara shi kuma daban, kuma ba iri ɗayan lokaci suke ci ba. Ni kuwa duk na haɗe su ina jiran wani dogon zama da ba zai taɓa zuwa ba.

Saƙa ba ta buƙatar kujera. A cikin keke nake yin ta, daga titin Bauchi zuwa Taminus, in sauka in hau wani. Ina yin ta a bakin wanke-wanke, ina yin ta ina yanka alayyahu. Na sayi ɗan ƙaramin littafi da ke shiga aljihun kayan aiki, gefen almakashi da biro, in wani abu ya faɗo mini sai in rubuta layi ɗaya kawai, misali "uwar ba ta san ya sayar da gonar ba", in mayar. Keke kuma makaranta ce ga mai son rubuta zance. A Jos kowa Hausa yake ji: Birom, Ngas, Afizere, Anaguta, Ibo mai shagon kayan gyara, Bayerabiya mai sayar da atamfa, kowa da irin lanƙwasar harshensa. In kika kasa kunne a tafiyar minti 15 za ki ji yadda mai bin bashi ke fara magana da gaisuwa mai tsawo, da yadda wanda ake bi yake tsawaita ta fiye da haka. Da ina toshe kunne da waya a hanya, na daina.

Zubawa ita ce mai tsada, domin tana son ƙofa a rufe da aƙalla minti 40 da ba wanda zai kira sunanki. A makon da nake aikin yamma abin da sauƙi. Maigida yana harkar kayan gwari a kasuwar Farin Gada, tun da asuba yake fita tarar motocin da suka kwana a hanya. Yara su wuce makaranta, in share gida, in kai wa Hajiya kokonta, daga 9 zuwa 10 da rabi nawa ne, kafin in ɗora girkin rana. Asabar da Lahadi da safe kuma suna Islamiyya, in ba na aiki nan ma akwai gurbi. Makon aikin safe ne sai an yi da gaske, don ba inda za a samo lokacin sai gabanin asuba.

Wanda bai taɓa kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ba, ba zai gane abin da ake nufi da tashi 4 da rabi ba. Garin yana bisa tsauni, sama da mita 1,200, in hunturu ya sauko sanyin har cikin ƙashi yake shiga. Tun da dare nake cika fulas da ruwan zafi, in ajiye safa da hular sanyi da rigar sanyi a kan kujera, littafin a buɗe a shafin da na tsaya, biro a kai. In na tashi ba na kunna fitilar ɗaki, 'yar fitila mai caji nake ɗauka in lallaɓa falo, don autana kunnensa kamar yana jiran motsina ne. Sai na riƙe kofin shayi da hannu biyu na ɗan lokaci kafin yatsun su yarda su kama biro, kuma layukan farko rubutun a karkace yake fita. Ba na duba waya, ko agogonta ba na kallo, ladanin unguwarmu ne agogona: in ya yi kiran farko na san saura kaɗan, in ya yi na biyu in rufe littafi in tashi alwala. Wata rana shafi 2, wata rana rabin shafi. Sharaɗin wannan tashin shi ne kwanciya da wuri, in ba haka ba a wurin aiki za a biya bashin.

Makon aikin dare kuwa ba na rubuta komai, kuma ba na jin na yi asara. Mutane kan ce ai dare ya yi tsawo a asibiti, ki riƙa rubutu a can mana. A'a. Wannan lokacin ba nawa ba ne, an biya ni a kansa, kuma shirun ɗakin marasa lafiya da ƙarfe 3 na dare ba abin yarda ba ne, a lokacin ne numfashin wani kan canza ba tare da ya iya kiran kowa ba. Barcin rana da nake yi bayan na dawo shi ma haƙƙin marasa lafiyar daren gobe ne. Haka nan na yanke wa kaina cewa abin da na gani ko na ji a bakin mara lafiya ba ya shiga labarina, ko da na canza suna. Jos ƙaramin gari ne in ana maganar sanin juna, kuma asirin da mutum ya faɗa yana kwance a gado amana ce. Hutun da ake ba mu bayan aikin dare shi na ware wa gyara. Ranar farko ta ciwon kai ce da barci, sauran kuwa kai ya washe, kuma na yi kwanaki ban ga rubutun ba, don haka ina karanta shi da idon baƙuwa, in ga inda na yi surutu.

Duk wannan tsarin a takarda yake da kyau. Ranar da ya fara aiki da gaske ita ce ranar da na faɗa wa mutanen gida. Kafin nan a ɓoye nake yi kamar mai satar nama a tukunya, in an shigo in rufe littafi, don ina jin nauyin a ce uwar yara ta zauna tana ƙirƙirar labari alhali ga wanki a bokiti. Lokacin da aka sata kuwa kowa yana da ikon ƙwace shi, tunda ba wanda ya san yana da mai shi.

Na sami maigida bayan ya ci abincin dare, na ce, "Abban Ummi, wata alfarma nake nema."

Ya ce, "Allah ya sa ba ta kuɗi ba ce, don yau tumatir ya faɗi warwas."

Na ce lokaci nake so, na zayyana masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To shi rubutun nan me zai kawo?"

Na ce, "Wataƙila ko sisi ba zai kawo ba."

Ya yi dariya ya ce, "Da kin ce zai kawo kuɗi da na san daɗin baki kike mini. Ki yi abinki, Allah ya taimaka." Bai tsaya nan ba, ya ɗauki nauyin fita da yara ranar Lahadi bayan la'asar, wani lokaci gidan yayansa, wani lokaci gidan zu. Ba kowane mako yake cikawa ba, kasuwa takan riƙe shi, amma ya daina tambayar me na tashi yi da tsakar dare.

Ta Hajiya ce ta fi ban dariya. Muddin a waya nake rubutu, a wurinta wasa nake yi. Za ta wuce tana cewa, "Yaran zamani, kullum kai a sunkuye," sannan ta aiko a kira ni in zo in duba mata ko maganinta na safe ne ko na dare. Ranar da ta gan ni da babban littafi mai layi da biro, da kanta ta kori jikokinta: "Ku fita mata, karatu take yi." Ta ɗauka jarrabawar ƙarin girma ce. Da na gaya mata gaskiya cewa labari ne, ta riƙe haɓa ta ce, "Tatsuniya? Da rana tsaka? 'Yar nan, taura biyu ba ta taunuwa, ke kuma uku kika haɗa." Na ce ta dai sa mini albarka.

Ashe ita ce za ta zame mini rumbu. Labarin da nake rubutawa na wani gida ne da kakansu ya zo Jos haƙar kuza, kamar yadda kakannin yawancinmu suka zo. Mahaifin Hajiya a wannan aikin ya tsufa. Abin da na sani daga karatu busasshe ne: cewa Turawa sun buɗe haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, cewa ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Jos a 1914 aka rufe layin a 1957, cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an kwaso mutane daga lardunan Arewa aka sa su aikin tilas a ramukan, sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Tafkunan da aka bari kuwa har yau ga su nan wajen Bukuru da Rayfield. Hajiya ce ta sa wa wannan ƙashin nama. Ita ta gaya mini yadda mata ke ɗaukar ƙasa a kwano a ka, da yadda barikin lebura ke kwana da kiɗa ranar biyan kuɗi, da abin da ake dafawa in kuɗin mako ya ƙare tun Laraba. Yanzu in na idar da sallar magariba ina matsa mata ƙafa, ni ce mai tambaya, kuma hirar da a da nake yi don sauke nauyi ta zama rabin aikina.

Yara kuwa doka ɗaya na kafa musu: in ƙofa tana rufe, in ba jini ba, ba wuta ba, kada a buga. Ummi mai shekara 12 ta riƙe dokar har tana hukunta ƙannenta da ita. Autan ne bai san doka ba. Yakan zo ya zauna a bakin ƙofa yana turo mini murfin kwalba ta ƙasa ɗaya bayan ɗaya, har sai na buɗe. Na saya masa nasa littafin da fensir, yanzu in ya matsa sai ya zauna gefena yana nasa zanen, minti 10 ya gaji ya fita.

Lokacin nan da na samu ba daga sama ya faɗo ba, daga jikin wasu abubuwa na yanko shi, kuma wasu yankan sun yi zafi. Fina-finan Indiya masu fassara da shirye-shirye masu dogon zango da nake bi da dare, na bar su, wannan bai dame ni ba. Wanki na ba wata baiwar Allah ina biyanta a wata. Miya nakan yi ta kwana 2 ko 3 in wuta ta yi mana kirki. Ran da safiya ta ƙure a sayo masa ko ƙosai a bakin layi, ba wanda ya taɓa ramewa. Mai zafin ita ce harkar zumunci. A da in ana biki tun daga kamu har kai amarya da ni ake yi. Yanzu ranar wuni nake zuwa, in ba da gudummawata, in yi awa ɗaya ko biyu in sulale. Ta'aziyya da dubiya da sunan na jiki ban taɓa su ba, kuma ba zan taɓa ba. Duk da haka sai da Yaya ta kira ni ta ce, "Tunda kika zama marubuciya kika yi wuyar gani, ko sai mun sayi littafin za mu gan ki?" Da wasa ta faɗa, amma na san ba wasa ba ne zalla. Ba ni da amsar da za ta gamsar da ita, don gaskiyarta ce, an rage mata wani abu. Abin da na iya yi shi ne nakan ware mata yammaci guda in je mu zauna mu biyu, ba taro, kuma na ga kamar hakan ya fi mana wunin biki da ba ma ko jin maganar juna saboda kiɗa.

Wani abu da ya rage mini jin cewa ni kaɗai ce a wannan hali shi ne waiwayen tarihin rubutunmu. Gasar rubutu da aka shirya a 1933 ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East a Zariya, wadda ta haifar da littattafan ƙagaggun labarai na farko na boko, waɗanda suka yi fice a cikinta ba zaman rubutu suke yi ba. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauchi. Sai dai a raina nakan ce, su in sun dawo daga aji akwai wadda ta dafa ta ajiye. Waɗanda suka fi kama da ni su ne matan da suka cika kasuwar littattafai ta Kano tun daga wajejen ƙarshen shekarun 1980, da yawansu matan aure, suna rubutu da hannu a littafin makaranta tsakanin girki da raino, babu waya babu kwamfuta. Ana yawan yi wa littattafan nan kallon raini, amma duk wadda ta gwada cika shafi 100 da goyo a bayanta ba za ta raina su ba.

Ban fara da dogon labarin kai tsaye ba. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ita na yi amfani da ita na motsa hannu. Gajeren labari ake nema, kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma akwai ranar rufewa. Abu biyun nan sun yi wa mai rosta daidai: aiki ne da ake iya gamawa cikin 'yan makonni, kuma wa'adin ba na kullum ba ne irin na zauren WhatsApp. Ban ci komai ba, amma a nan na koyi yanke jimlar da nake ƙauna don labari ya shiga ma'auni, kuma a karon farko cikin shekaru na rubuta abu har ƙarshensa ba a gurguje ba.

Dogon kuwa lissafin adashi na yi masa. Shafi ɗaya na littafina yana cin kalma kusan 200 da irin rubutun hannuna. In mutum ya zuba kalma 300 sau 4 a mako, a shekara ya haura 60,000, littafi ke nan cikakke. Zubin ba ya da yawa, kwasar ce mai kauri, kuma kamar kowane adashi, abin da ke kashe shi shi ne a ce bari in tsallake wannan zubin zan haɗa da na gaba. Saboda haka a mako nake ƙirga nawa, ba a rana ba. In Talata ta ƙwace, Alhamis tana nan.

Akwai lokutan da komai ke rushewa, kuma na daina yaƙi da su. In yaro ya kwanta zazzaɓi, littafi ya jira. Da azumi tashin sahur yakan ba ni 'yan mintuna a farkon wata, amma in goman ƙarshe ta shigo nakan rufe shi gaba ɗaya sai bayan salla. Lokacin dokar hana fita, irin ta watan Agustan 2021, wani zai ɗauka zaman gida dama ce. Mu ma'aikatan lafiya da katin shaida muke ratsa shingaye mu tafi aiki, kuma ko kana gida, zuciyar da ke sauraron abin da ke faruwa a bakin titi ba ta saƙa labari. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda za a dawo. Dabarata ita ce ba na tsayawa a ƙarshen babi. A tsakiyar zance nake ajiye biro, lokacin da na san abin da mutum na gaba zai ce, sannan in rubuta da fensir a ƙasan shafin abin da zai biyo baya. In na dawo, ko bayan wata guda ne, shafi 2 na ƙarshe kawai nake karantawa in ɗora. In na ce zan faro daga farko, gyare-gyare ne za su cinye zaman.

Bugawa a waya ita ce aikin da nake yi a gutsattsarin lokaci: layin banki, jiran yara a bakin makaranta, zaman jiran a gama yi wa Ummi kitso. Da manhajar rubutu ta WPS nake bugawa, na sa allon rubutu na Hausa na Gboard don in samu ɓ da ɗ da ƙ ba tare da wahala ba, na kuma kashe gyaran kalma na kai-tsaye, don in ba haka ba sai ya mayar da rabin shafi wani yare. Bugawar kanta gyara ce, domin jimlar da na ji ƙyuyar sake bugawa yawanci ba ta da amfani tun asali. Tun ranar da autan ya kifar da kofin koko a kan littafi na biyu, tawada ta narke a shafuka da dama, duk abin da na rubuta sai na ɗauki hotonsa a ranar, duk babin da na buga kuma in tura wa kaina ta imel.

Bayan babbar sallar da ta wuce na rubuta shafin ƙarshe. Na buga shi a takarda a wani shago kusa da Taminus, na ba mutum biyu: wata abokiyar aikina da ba ta iya ɓoye ra'ayinta, da wani dattijo maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga koyar da Hausa a sakandare. Ita ta ce babi 3 na tsakiya sun sa ta barci, kuma ba ta yarda matar da na zana za ta yafe wa mijinta da wannan saurin ba. Malam kuwa ya dawo mini da shi jajir da biro, ya raba mini kalmomin da na haɗe, ya haɗe waɗanda na raba, sannan ya ce, "'Yata, mutanenki na zamanin kuza suna magana kamar 'yan jami'a. Koma wurin Hajiya ki sake saurare." Yanzu a kan wannan nake. Na cire biyu daga cikin babin da suka sa ta barci, na ukun ina sake gina shi, zantukan tsofaffin kuma ina karanta wa Hajiya su da baki bayan magariba, duk inda ta yamutsa fuska in sa alama. Maganar ɗab'i ban taɓo ta ba tukuna, an ce mini takarda ta yi tsada ƙwarai, sai na gama gyaran zan fara tambayar farashi.